Minti Uku

Kwana biyar aka ba mu a saman wani bene a Bolari,
ɗaki mai fanka ɗaya, ita ma tana ɗingishi.
Mu goma sha huɗu, kowa da fim cike da kansa.
A nawa motoci uku za su kife a hanyar Dukku,
jarumin kuwa ba ya mutuwa, don ni ne.

Malama Hajjo ta bar ni har na kai aya,
ta karkaɗe alli daga hannunta, ta ce:
"Minti uku. Waya ɗaya. Babu kiɗa.
Motocin da za ka kifar, na wane ne?"
Har Lamela ya yi dariya, shi da ba a jin bakinsa.

Hannu muka fara koya:
ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari,
ka yi tafiyar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.
Sai haske: kada ka tsayar da mutum rana na bayansa,
zai zama inuwar kansa.
Ran Laraba aka sa min abin ji a kunne,
aka ce in yi shiru.
Ashe garin nan bai taɓa yin shiru ba.
Na ji injin markaɗe daga lungu na uku,
na ji cikin Jibir yana ƙugi.

"Ku je ku ɗauko abin da kuka gaji da gani," in ji ta.

Na rasa inda zan dosa, sai Tudun Hatsi,
inda Baffana ke ɗinke bakin buhu
tun kafin a yanka ragon sunana.
Ban taɓa tsayawa wurin ba sai don karɓar kuɗin cefane.
Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce:
"Matsa, kana tare min iska."

Na matsa. Na manne gwiwar hannu.
Basilla na shiga, igiya na bin ta,
masara na zubowa ta gefe, ƙafarsa na mayar da ita.
Minti arba'in na ɗauka,
batir ya mutu a kan buhu na ashirin da shida.

Daren Alhamis muka zauna yanka.
Lamela na jan hoton gaba da baya a kwamfuta,
ni ina cewa kada a taɓa nan, kada a taɓa can.
A nan na ga babban yatsan Baffa ba ya lanƙwasa.
A nan na ji, ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin hayaniyar 'yan dako,
duk ɗinki ɗaya da sunan da yake ambata:
Dija, Manu, Adda Yelwa, ni,
sai ya sake daga fari.
Na ce a mayar baya. Aka mayar.
Na ce zan fita shan iska.

Ran Juma'a bayan la'asar aka rataya zanen gado a bango.
Wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari sau huɗu kafin ya yarda.
Na Rifkatu ya fi nawa kyau, gaskiya ɗaya ce,
ita akuyar maƙwabta ta bi tun safe har magariba.

Baffa ya zo a makare, da ƙaiƙayi a hularsa,
ya ƙi kujera, ya tsaya bakin ƙofa.
Hannuwansa suka cika bango, kowanne ya fi ni tsawo.
Da aka kunna fitila sai ya duba nasa na jiki,
ya juya su, ya sake juyawa.

A hanyar gida bai ce uffan ba har Jekadafari.
Can ya ce: "Buhun nan na biyu,
ɗinkin bai yi ba.
Da ka faɗa min, da na sake."